Saukar Littafin Mutanen Jirgi

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda kika koya mini, ina roƙon Allah ya sa wannan ta same ki cikin sanyin makwanci da yalwarsa. Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Amma ai ko da kina nan, rabin surutun da nake zuba miki ba amsawa kike yi ba, sai dai ki ci gaba da tsintar shinkafa kina cewa uhum. To yau ma ki ce uhum, ni zan yi magana.

Gida lafiya. Baffa yana nan da ciwon gwiwarsa da rediyonsa. Ƙofar Dundaye tana yadda kika bar ta, sai dai mai shagon bakin layi ya sayi firiza, yara sun huta da zuwa nesa neman ƙanƙara.

Abin da ya sa na zauna rubuta miki shi ne na sauke littafi. Shi ne na farko da na karance tun daga bango har bango bayan rasuwarki, kuma saura ƙiris in rufe shi babu addu'a. Na san idan na yi haka sau ɗaya, na biyu ba zai yi mini wuya ba, daga nan kuma al'adarki ta ƙare a gidan nan ke nan, don yanzu ni kaɗai na rage mai riƙe da ita.

Kin fi kowa sanin ƙa'idarki, amma bari in faɗa saboda masu leƙen wasiƙar nan. Kullum bayan azahar matan unguwa sukan taru a tsakar gidanmu ki ba su karatu. Ba ki taɓa buɗe littafi ba sai kin fara da cewa, "Mawallahi, Allah shi yi mai rahama, yac ce." Ranar da aka kai ƙarshe kuwa sai an daka gumba, a raba, ki ambaci sunan mai littafin da na ubansa, mata su ɗaga hannu su yi masa addu'a. Kikan ce, "Littahi da mai shi. Wanda yaz zauna yar rubuta maki, ba a tashi a bar shi ba sallama."

Littattafan boko ba ki sa su a wannan lissafi ba. Na taɓa kawo miki na lissafi ina firamare, na ce na gama, a daka mini gumba. Kika juya shi gaba da baya, kika ce, "Wanga na gwamnati na, Auta, babu kowa ciki." Na yi fushi har na ƙi cin tuwo, sai da yunwa ta yi mini sulhu da ke.

To Inna, bana na samu na boko mai mutum a ciki.

A wannan zangon aka ɗora mana darasin adabin Amurka na farko da tarihin yadda Turawa suka zauna a can. Na shiga ajin da guntun raini. Na ɗauka za a kawo mana dogayen benaye da masu bindiga irin na talabijin. Sai malamarmu, wata Dakta siririya da ba ta ɗaga murya, ta raba mana rubuce-rubucen mutanen da suka mutu ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Akwai mai wa'azin wuta da zai sa ki ajiye cokali. Akwai wata mata da gidanta ya ƙone, ta zauna tana yi wa zuciyarta faɗa a kan son duniya, har na ce wannan da kun haɗu da kun shirya. Amma wanda ya kama ni shi ne wani dattijo, shugaban wata 'yar jama'a, da ya rubuta labarin mutanensa.

Mutanen nan sun ce an hana su bauta wa Allah yadda suka fahimta, sai suka bar garinsu da gonakinsu da kaburburan iyayensu, suka shiga jirgin ruwa na katako da mata da yara, suka nufi ƙasar da ba su sani ba. Inna, ki gaya mini, wace 'yar Sakkwato ce za ta ji wannan gabanta bai faɗi ba? Mu da aka rene mu da labarin hijira, na kakanni da suka ɗaure littattafai a bayan raƙumi suka bar gida saboda addini. Ban san lokacin da na shige cikin jirgin nan na samu wuri na zauna ba.

Ga shi dattijon ba ya layi uku bai ambaci Allah ba. Iska ta juya, ikon Allah. Yaro ya faɗa ruwa an ciro shi, ikon Allah. Wani lokaci har nakan manta da Turanci nake karantawa.

Lokacin bazara ne, irin zafin nan namu da ke sa kujerar bas ta ƙona mutum ta cikin zane. Idan motar makaranta ta hau gadar gulbin Rima, nakan jingina kai da taga, idona ya yi nauyi. Sai in ga fadama ta cika ta batse, gonakin albasa sun nutse, ruwa ya tafi har inda ido ya gaza. Can sai jirgin ya ɓullo a hankali, da farin ƙyallensa, mata a tsaye sun riƙe yara suna duban gaɓa. Wata rana har na ga kamar ke ce a cikinsu, da jakar littattafanki ta fata a hammata, kina tambayar wani Bature ina ne gabas. Sai da yaron mota ya buga ƙofa na farka, gumi ya jiƙa mini hijabi.

Da na kai inda sanyi ya fara kashe su, abin ya ƙi shiga kaina. Sanyi dai da muka sani, a hura wuta, a sha kunu, ya wuce. Yaya zai kashe rabin jama'a? Na je shagon bakin layi na ce a ba ni ruwan leda, na zura hannu can ƙasan firiza na ƙi cirowa, wai ina zaɓe. Na bar shi har yatsuna suka daina jin kansu. Mai shagon ya ce, "Hajiya, in ba ki saye ki ruhe min, wuta ba ta daɗewa." Na dawo gida ina hura hannu, ina tausayin mutanen da ko ƙasusuwansu sun zama ƙasa.

Ana nan sai Dakta ta ce in tashi in karanta wa aji shafi ɗaya. Na miƙe, na gyara murya, na buɗe. Wallahi ban shirya ba, bakina ne kawai ya bi hanyar da ya saba. Sai ji na yi na ce, "Mawallafi, Allah ya yi masa rahama, ya ce," sannan na shiga Turancin.

Ajin ya fashe da dariya. Wani daga baya ya ce amin da ƙarfi, wani ya ce a kawo buzu a shimfiɗa wa malama. Na so ƙasa ta tsage. Dakta ba ta yi dariya ba, ta jira suka lafa, ta tambaye ni daga ina na samo wannan. Na ce daga wurin mahaifiyata. Ta ce, "Mahaifiyarki ta iya karatu." Kin ga, Inna, har jami'a an yaba miki, ke da kike cewa bokonki bai wuce karanta lambar mota ba.

Amma dariyar ta tayar mini da tambaya. Da na dawo na sami Baffa a zaure bayan la'asar, na durƙusa na gaya masa. Ya rage rediyo, ya ce, "Auta, wanda yam mutu bisa wani addini ba a roƙa mai gahwara. Ba ni nac ce ba, ke ma kin sani. Lamarinai na ga Ubangijinai." Na ce to idan na sauke littafin fa, wa za a yi wa addu'a? Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ke da anka kai boko, mi ag gaminki da sauka? Ki ci jarrabawa ki aje littahi."

Gaskiya ya faɗa, kuma ban musa ba. Amma na tashi ban gamsu ba. Dattijon nan ya zauna cikin sanyi ya rubuta mini, na yi kuka da mamatansa, yanzu kuma in tashi in bar shi ba sallama.

Ashe ban ga komai ba tukuna.

Da muka shiga ɓangaren tarihi, Dakta ta ce mu koma baya, can farkon saukarsu daga jirgi. Akwai inda mazajensu suka fita dube-dube a gaɓa, suka ga wasu tudun ƙasa da aka daddaɓe da hannu. Suka tona, suka sami kwanduna cike da masara, wata rawaya, wata ja, wata shuɗiya. Suka kwashe suka kai jirgi. Dattijon ya rubuta cewa wannan taimakon Allah ne, don da ita suka sami abin shukawa, ba don ita ba da sun hallaka.

Na tuna shafin sarai. Karatuna na farko da na zo wurin, har alhamdulillahi na ce, na ji daɗi mutanena sun sami abinci.

Dakta ta rufe littafin ta ce, "To, masarar ta wace ce?"

Ta ce a cikin mutanen asalin ƙasar, waɗanda suke can tun kafin wani jirgi ya zo, mata ne ke noma, su ne ke zaɓen masara mai kyau su binne ta a rami don ta kai wata shekara. Ta ce kafin zuwan jirgin, annoba ta riga ta share garuruwansu da yawa, kuma wasu daga cikin baƙin da suka ga gonaki ba masu su, sun rubuta cewa Allah ne ya share musu wuri. 'Yan aji suka fara cewa ai haka Turawa suka yi mana a nan, aka shiga hayaniyar mulkin mallaka. Ni ban ji sauran ba. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a kai: iri.

Domin na tuna ke ba a gidan malamai aka haife ki ba, aure ne ya kawo ki birni. 'Yar manoma ce ke, daga ƙauyen bakin fadama. Kin sha ba mu labarin shekarar da ruwa ya ɗauke kuna yara, rumbu ya ƙare tun kafin bazara, kuka koma cin tafasa da dusa. Kika ce duk da haka akwai wani tulu a ƙuryar ɗakin mahaifiyarki, cike da zaɓaɓɓen gero da toka, an liƙe bakinsa da laka. Kuna kuka, tana kuka, amma ba ta fasa shi ba. Kika ce kin taɓa zama kusa da tulun kina shinshina lakar, ta kama kunnenki ta ce, "Wanga ba abinci na ba. Wanga baɗi ta."

Tun daga ranar mafarkina ya juya. Idan mota ta hau gada, jirgin yana nan, amma ni na sauka daga cikinsa. Ina tsaye a bayan itatuwa tare da wata mata da ban taɓa ganin fuskarta sosai ba. Wani lokaci da goyo, wani lokaci tsohuwa. Takan zo wurin tudunta, ta ga ƙasa a warwatse da sawun takalman da ba ta san irinsu ba. Ta durƙusa ta zura hannu cikin ramin har kafaɗa, ta laluba, ta sake lalubawa. Ba ta kururuwa. Takan zauna ne kawai a bakin ramin, iska tana kaɗa busasshiyar ciyawa.

Dattijon ya ce daga baya sun haɗu da masu masarar sun biya su. Na yarda, ban kama shi da ƙarya ba. Amma bai faɗi abin da matar ta shuka a waccan shekarar ba, bai faɗi abin da ta gaya wa 'ya'yanta da ta koma ba. Ko sunanta babu. Littafi guda, an ambaci sunan wanda ya yi zazzaɓi da wanda ya yi rashin kunya, ita ko layi ɗaya.

Na ji haushinsa, Inna, irin haushin da ake ji na wanda aka so. Na ji haushin kaina da alhamdulillahin da na yi. Saura 'yan shafuka in gama na wurga littafin saman kwaba na ce ya zauna can. Na rubuta jarrabawa da abin da ke kaina, na ci kuma, kada ki damu. Hutu ya zo, littafin yana sama yana tara yana, ni ina ƙasa ina kauce wa dubansa. Na ce wa kaina maganar Baffa ce daidai, a ajiye a wuce. Amma duk sanda na ratsa tsakar gida na ga inda kike shimfiɗa tabarma, sai in ji kamar na bar baƙo tsaye a ƙofa.

Wata Alhamis na bi ta Hubbare, makwancin magabatan Sakkwato. Na zauna a inuwa ina kallon matan ƙauye da suka zo ziyara, ƙafafu duk ƙura, kowace da ɗan ƙullin hatsi a bakin zane na sadaka. Aka fara iskar hadari mai ƙamshin ƙasa. Na lumshe ido, sai ga matar ramin a cikin layinsu, tana tafe a hankali, bakin zanenta ba ƙulli. Da na buɗe ido na san dai ba zan iya barin littafin nan a buɗe ba, ko da ban san me zan ce a ƙarshensa ba.

Na sauko da shi na karance sauran. Can ƙarshe dattijon ya tsufa, jama'arsa sun watse neman manyan gonaki, yana ta kewar lokacin da suke kaɗan suna son juna. Na so in ƙi tausaya masa, abin ya gagara. Na kuma lura da wani abu: da ya so, da ya bar zancen ramin bai rubuta ba, kuma da babu wanda zai sani har abada. Da hannunsa ya ajiye shaida a kan mutanensa.

Na jiƙa gero, na daka gumba, hannuna har ya yi kanta don na kwana biyu ban riƙe taɓarya ba. Na aika a gaya wa ɗalibanki akwai sauka. Ban zaci za su zo ba, amma suka zo, waɗanda suka rage. Goggo Kulu ce ta fara shigowa, tsohuwar ɗalibarki mai zama daf da ke saboda kunnenta, tana dogara sanda tana cewa, "Yau gidan ga ya tuna da mu."

Aka zauna, aka raba gumba. Goggo Kulu ta goge hannu ta ce, "To Auta, wane littahi na? Wa za mu yi ma addu'a?"

Na ambaci sunan dattijon, yadda kike yi. Sunan ya yi musu nauyi a baki, aka ɗan yi dariya. Na ce ba Musulmi ba ne, don haka ba gafara za mu roƙa masa ba, lamarinsa yana ga Mahaliccinsa. Na ce amma ya zauna ya rubuta, kuma bai ɓoye abin da bai yi masa kyau ba, wannan na shaida masa, kuma da shi nake yi masa sallama. Suka gyaɗa kai. Sannan na ba su labarin jirgi da sanyi, suna cewa wayyo, Allah sarki. Na zo kan ramin.

Goggo Kulu ta ce in maimaita, ba ta ji da kyau ba. Na ɗaga murya na maimaita. Ta ajiye gumbar da ke hannunta.

"Iri? Iri sunka tone?"

Na ce iri.

Babu wadda ta tambaye ni ina ne Amurka, ko shekara nawa ke nan. Wata ta ce a hankali, "Da ɗiyanta ko?" Na ce littafin bai faɗa ba.

Goggo Kulu ta ce, "Mi as sunanta?"

Na ce shi ma ba a rubuta ba.

Sai Goggo Kulu ta ɗaga hannuwanta, sauran suka ɗaga, ni ma na ɗaga. Ta ce, "Ba komi. Wanda yah halicce ta ya san ta. Allah, baiwarka mai iri, wadda anka tone ma rami, ka bi mata hakkinta." Aka ce amin. Baffa da ke zaure, wanda na ɗauka rediyo yake saurare, na ji muryarsa ta ratso soro, shi ma ya ce amin.

A nan na rufe littafin, Inna. Na kifa kaina a kansa na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka fita da ke, matan suka bar ni na yi abina.

Ban sani ba ko haka za ki yi da kina nan. Wataƙila ki ce na cika ƙaƙale. Amma an daka gumba, an ambaci mai littafi, an ɗaga hannu a tsakar gidanki, kuma an yi addu'a har ga wadda littafin ya manta.

Allah ya jiƙanki, Inna. Allah ya haskaka kabarinki gwargwadon yadda kika haskaka wa matan unguwar nan, ya sa kowane harafi da kika koyar ya zame miki inuwa, ya haɗa ki da mahaifiyarki a inda ba a jin yunwa. Ita waccan matar ban san sunanta ba. Naki kuwa na san shi tun ina ƙarama, amma kunya ba ta taɓa bari bakina ya furta shi ba, kuma yau ma ba zan rubuta shi a nan ba. Wanda nake roƙo ya san ku duka biyu.

Wassalam.

Autarki,
Safiya